Tururuwar da Aka Sa a Nonona

Ummi ta warke, Inna ta samu sauƙi, ni ma raina ya huce, don haka yanzu zan iya ba da labarin nan. Abin da ya tayar da ni kuwa, makon jiya wata yarinya mai haihuwar fari ta kawo mini ɗinki, jaririnta ya zubo mata tumbuɗi a kafaɗa, sai kawai ta fashe da kuka, wai a gidansu an fara maganar a gwada nononta. Na ajiye almakashi na ce ta zauna. Abin da na faɗa mata ranar shi nake rubutawa, saboda wadda hanyarta ba za ta biyo ta ɗakina ba.

Sunana Saude, ɗinki nake yi a cikin gida a nan Batsari. Maigidana, Malam Lawal, manomi ne, in rani ya yi kuma ya taɓa fataucin rogo. Ummi ce ta uku a 'ya'yanmu, ita ce mace ta farko, shi ya sa aka mayar mata da sunan mahaifiyarsa. Sunan suruka kuwa ba ya fita a bakina, sai muka laƙaba mata Ummi. Tawa uwar tana Ruma, a lokacin hanyar ba ta biyuwa, don haka surukar tawa, Inna, ita ce ta taso daga Babban Duhu, can ƙasar Safana, ta zo yi mini wankan jego. Ko ƙullin kayanta ba ta sauke ba ta miƙa hannu ta ce, “Ina takwarata?”

Duk abin da zan faɗa nan gaba, a fara sanin wannan: Inna ta yi mini hidima. Ita ke hura wuta, ita ke ɗora tukunyar wanka, ita ke dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Mace ce mai son nata, sai dai in ta kafe a kan magana ko turmi ya fi ta motsi. Tana kuma da ciwonta da ta daɗe tana fama da shi, wanda kowa a gidan ke kira olsa. An taɓa gaya mata mai olsa ba ya barin cikinsa wayam, ita kuwa ta riƙe wannan magana gam. Sai bayan isha'i take cin tuwo, ta zambaɗa yaji, ta kora da fura don kada olsar ta tashi, ta gutsuri goro, sannan ta miƙe a gado. Kusa da kanta akwai ɗan ƙoƙon jiƙon kanwa. Kullum da safe muryarta a dishe take, tana gyaran murya tana ɗora wa sanyin Batsari laifi.

Ummi ta fara tumbuɗi tun kafin mu yi arba'in. Ban damu ba, yayyenta maza ma sun yi, kuma duk wadda ta shigo barka sai ta ce tumbuɗi ƙiba yake sa wa yaro. Amma nata daban ne. Za ta kama nono da zafinta, ta ɗan tsotsa, sai ta sake shi ta gantsare baya ta tsandara ihu, fuskarta ta yi jajur. Ga shaƙuwa, ga ɗan tari. Ni kuma abin da na sani shi ne yaro in ya yi kuka a ba shi nono, sai in ƙara ɗura mata har ta yi shiru, in shimfiɗe ta a katifa in koma kan keke. In Inna ce ta karɓe ta, sai ta hau yi mata rawa tana cilla ta sama tana yi mata kirari. Ba a jimawa abin da ta sha ya dawo. Zannuwana duk suka koma warin tsami. Akwai ranar da ta yi wa atamfar wata amarya wanka, na wanke na goge na bayar ban ce komai ba, Allah ya yafe mini.

Makonnin da suka biyo baya na masu shawara ne. Wannan ta ce a ba ta jiƙo, waccan ta ce a lasa mata man shanu, wata ta ce beli ne ya sauko, a kira wanzami ya cire. Nan kam Malam ya tsaya, ya ce ba mai sa wa ɗiyarsa ƙarfe a maƙogwaro, don ya taɓa ganin yaron da aka yi wa haka jini ya ƙi tsayawa. Wani mai kemis ya ba mu ruwan magani mai zaƙi, wai na ciwon cikin jarirai, muka ba ta har kwalbar ta ƙare, tumbuɗin bai ma san ana yi ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali, cinyoyinta da suka fara cika sai suka tsaya cak.

Sai ga Goggo Hansai, ƙanwar Inna ce, a bayan kasuwa take aure. Ta zo da hantsi, ta zauna ta kalli yadda Ummi ke sakin nono tana gantsarewa, ta girgiza kai.

“Yaya, ku bar wahal da kanku. Ɗiyar ga gudun nonon take. Nonon ne ke da magana.”

“Ni ma raina ya ba ni,” in ji Inna. “Saude, ɗauko ludayi.”

Wadda ba a taɓa yi wa ba, ga yadda ake yi. Za ki tatsa a ludayi, a kamo tururuwa a zuba a ciki. In sun yi iyo sun fita, nononki lafiya lau. In sun mutu, an ce ya ɓaci, yaro ba zai ƙara sha ba. Na juya baya na tatsa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Goggo Hansai ta duƙa gindin katanga ta tsinto tururuwa da 'yan yatsunta masu kaushi ta watsa. Muka sa kai mu uku muna kallo, kamar masu jiran hukuncin alƙali. Yawancinsu suka yi ta fafutuka har suka kama bakin ludayin suka fice. Guda ɗaya ta tsaya a tsakiya, ta ɗan motsa ƙafa, ta yi shiru.

“Kin gani ko?” in ji Goggo.

Na gani. Na kuma ga yadda ta murje wannan tururuwar tun a hannunta, ko a ruwan zamzam aka saka ta ba za ta tashi ba. Amma ina ni ina faɗar haka a gaban surukai?

A wurin aka yanke magana. Inna ta ce akwai saniyarta da ta haihu a Babban Duhu, in an ci kasuwar mako mai zuwa za ta tafi da takwararta, a raine ta da madarar shanu, ni kuma a nemo mini sassaƙe in sha nonon ya gyaru saboda haihuwar gaba. Yarinyar da ko wata uku ba ta cika ba. Na san jariran da aka cire a nono da wuri haka, na kuma san yadda gudawa ta yi da wasunsu. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yinin ba, kuma a ƙarƙashin tsoron akwai haushi, wai tururuwa ce za ta raba ni da 'yata.

Da Malam ya dawo daga gona na tare shi a bayan ɗaki, tun bai ajiye fartanya ba.

“Malam, in aka tafi da yarinyar nan, a haɗa da ni, ko a buhu ne.”

“Ki yi a hankali, Saude, Inna na ji.”

“Ta ji mana! Ni dai a kai ta asibiti tukuna. In su ma sun ce nonona ne, na yarda.”

Bawan Allah, ya tsaya tsakanin uwa da mata yana sosa ƙeya. Bayan la'asar ya je ya durƙusa gaban Inna, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iso kan maganar. Inna ta ce to, a je, amma ƙafarta ƙafarmu, don ta san ni, ba zan faɗa musu zancen tururuwar ba.

Muka yi sammako a kan mashin biyu. Duk da haka mun tarar da layi har ya fito baranda, mata da goyo, tsofaffi a kan benci, wasu sun taso tun daga Yasore. Aka yanki kati, aka ce mu jira. Rana ta ɗaga, Ummi ta yi tumbuɗi a hijabina, Inna ta yi ta mita wai da a gida ne da yanzu ta gama surfe. Ni ma na gaji, na yi ta tsaki a ciki. Sai wajen azahar aka kira mu.

Malamar asibitin da muka samu dattijuwa ce, ba ta da gaggawar magana. Ta ɗora Ummi a sikeli, ta duba katin awonta, ta ce nauyin bai ragu ba amma ya yi jinkiri. Ta tambaye ni ko aman yana fita da ƙarfi ya yi tsalle, ko yana zuwa kore, ko da jini, ko akwai zazzaɓi. Na ce babu ko ɗaya. Inna da ta gaji da jira ta gyara zama ta kwashe labarin ludayi kaf ta faɗa. Na sunkuyar da kai ina jiran a yi mana dariya. Malamar ba ta yi ba.

“Inna, na ji kamar kina da shanu?”

“Akwai ɗan abin da ba a rasa ba.”

“To in kin cika gora da nono har wuya, marfin bai kama sosai ba, kika girgiza ta kika kwantar, me zai faru?”

“Zubewa za ta yi mana.”

“Laifin nonon ne?”

Malamar ta ce haka cikin jariri yake. Akwai wani ɗan marfi a bakin tumbi da ke hana abinci komowa sama, na wasu jariran bai gama ƙwari ba, sai ya ƙarasa da kansa in sun girma. Nonon yakan dawo haɗe da ruwan tsamin ciki, shi ke ƙona ta take gantsarewa. Ta ce nonona shi ne ma abin da ya fi saurin narkewa a cikinta, kada a kuskura a cire ta, kada a ba ta jiƙo ko madarar shanu.

Na ɗauka an gama, sai na ji Inna ta ce, a hankali, “Ƙonawar ga da kika ce, kamar ya take ji?”

“Irin ƙwannafin manya ne. Zafi ya taso daga ƙahon zuciya ya bi ƙirji har maƙogwaro, wani ruwa mai tsami ya zo baki. Ya fi tsanani in an ci an kwanta, ko an sunkuya.”

Inna ta ɗora tafin hannu a ƙirjinta. “Wanga ai olsata ce kike hwaɗi. Ko sujada na yi bayan na ci tuwo sai ya taso mani.” Ta juyo ta dubi Ummi da ke kafaɗata, ta daɗe tana kallonta. “Ashe abin da nike ji shi takwara ke ji? Ita da ba ta da bakin hwaɗi?” Idonta ya kawo ruwa, ta goge da bakin mayafi ta ce ƙurar hanya ce.

Malamar ta tura Inna wajen likita, aka sake wani layin. Likitan ya yi mata tambayoyi, ya danna cikinta, ya ce alamunta sun fi kama da ƙwannafi, ba kowane zafin ƙirji ne olsa ba. Ya rubuta mata ƙwayar da za ta riƙa sha da safe kafin ta karya, na ɗan lokaci, ya ce ta dawo a gani. Ya hana ta kanwa, ya ce sauƙin da take ji na ɗan lokaci ne, kuma ba ta yi wa mai shekarunta kyau. Sauran maganin, in ji shi, yana hannunta: ta ci kaɗan-kaɗan, ta ci da wuri, ta rage yaji da maiƙo da goro, kada ta kwanta sai abinci ya faɗa, a kuma ɗaga gadonta ta wajen kai.

Kada ku ɗauka Inna ta sauko a ranar. A hanyar dawowa ta ce wa ɗanta ita fa ba ta ƙaryata tururuwa ba, tun kakanni ake yi. Amma za ta ɗaga ƙafa zuwa mutuwar wata. In takwara ba ta ƙaru ba, maganar saniya na nan.

Da wannan wa'adin a kaina muka shiga sabon tsari. Ba na jira Ummi ta yi kukan yunwa, sai in ba ta kaɗan, in cire, in ɗora ta a kafaɗa in shafa bayanta har ta yi gyatsa, in an jima in ƙara mata. Bayan ta sha dole a riƙe ta a tsaye na ɗan lokaci, ba rawa, ba cillawa, ba ɗaure ciki tamau da zanin goyo. In barci ya ɗauke ta a kwantar da ita rigingine, haka malamar ta jaddada, kada a ce za a kifa ta ko a tokare ta da filo. Matsalar ita ce ni ina da keke da ɗinkin mutane. Wa zai zauna riƙon yarinya a tsaye sau ba adadi a yini?

Ashe akwai wadda ita ma an riga an hana ta kwanciya bayan cin abinci. Haka aikin ya faɗa hannun Inna. Da ta ci nata, ni kuma na shayar, sai ta jingina da katanga a inuwar dalbejiya, takwara a ƙirjinta, kan yarinyar a kafaɗarta. In gyangyaɗi ya fara ɗibar Inna tana zamewa, Ummi ta yi ƙorafi, dole ta miƙe zaune. Ina daga ɗaki ina taka keke ina jin su.

“Ke kin ɗauki suna, kin haɗa da ciwo, mi ya rage ki ɗauka? Shanun?”

Ummi ta saki gyatsa.

“Alhamdu lillahi. Saura ni.”

Ba a sha da daɗi ba wajen abinci. Tuwon dare ya dawo kafin magariba, Inna ta ce mun mai da ita kaza, tana shiga akurki da rana tsaka. Malam ya kawo bulo ya sa a ƙafafun gadonta na wajen kai, ta ce za a gangarar da ita ne. Yaji na rage mata a miya, ta ce miyar marasa lafiya nake yi. Goro kuwa ta ce ta bari, amma in na zo wanke zaninta sai in tarar da ɗan ƙulli a gefe. Ban taɓa tona ta ba, sai dai in kwance in ajiye mata a kan taga, ita ma ba ta taɓa tambayar wanda ya ajiye ba. Abin da ta bari da gaske shi ne furar kwanciya da ƙoƙon kanwa, kuma cikin mako biyu muryarta ta washe, har ta koma tashinmu da faɗa tun da asuba.

An samu koma baya. Wata rana aka yi suna a maƙwabta, Inna ta je ta samu dafaffen rogo da ƙuli da mai, irin wanda ɗan Batsari ba ya iya wucewa, ta ci ta ƙoshi ta dawo ta kishingiɗa. Washegari ta tashi tana riƙe da ƙirji. A makon ne kuma ɗinkin biki ya taru mini, na koma ɗura wa Ummi da yawa don ta bar ni in yi aiki, tumbuɗin ya dawo sabo. Kamar an aika mata, sai ga Goggo Hansai.

“Yaya, har yanzu ana nan ana wasa da ran ɗiya? Saude, kawo ludayin nan a sake dubawa.”

Inna tana jingine da katanga, takwara a kafaɗa, ko motsi ba ta yi ba.

“Bari dai, Hansai. Ba ki ga a tsaye muke ba? In mun gama.”

Ba su gama ba har Goggo ta gaji ta tafi.

Da muka koma awo, malamar ta ɗora Ummi a sikeli ta yi murmushi, ta ce ta ƙaru. Wata ya mutu, wani ya tsaya, ba wanda ya ƙara ambatar saniya. Ni kuma ban tuna wa kowa ba. Tumbuɗin bai ɗauke lokaci guda ba, raguwa ya riƙa yi. Da ta fara zama ya ja baya sosai, da ta kai wata shida muka fara ba ta kunu mai ɗan kauri, kafin ta fara tafiya mun manta da shi. Na Inna kuwa ba ya warkewa ɗungurungum, lallaɓa shi ake yi. In ta kiyaye ya ƙyale ta, in ta yi ganganci ya tuna mata. Abin da muka kashe a asibiti, har da kuɗin mashin, zakara ɗaya ya biya shi, bai kai wanda ya tafi a jiƙe-jiƙe da kwalaben kemis ba.

Ga wadda ke cikin irin halin da na shiga: yawancin tumbuɗi ba ciwo ba ne, in yaro yana ƙaruwa yana wasansa, wanki kawai zai ba ki. Amma in aman kore ne, ko da jini, ko yana fita da ƙarfi, ko yaro ya ƙi nono yana ramewa, kada ki tsaya jin ta bakin kowa, ki nufi asibiti ko layin ya kai titi. Babba ma in abinci ya fara tsaya masa a wuya, ko bayan gidansa ya koma baƙi, ko yana ramewa ba dalili, ba zancen kanwa ba ne. Allah ya saka wa malamar nan da alheri, ko sunanta ban tambaya ba.

Inna ta koma gida bayan kaka. Ummi ta sha nononta har lokacin yaye ya yi, sannan na shirya ta, muka hau mashin da rana, na kai ta Babban Duhu da kaina, kamar yadda ake kai kowane yaro wajen kakarsa. Mun tarar da gadon Inna a kan duwatsu, tuwonta kuma har ya sauka rana ba ta faɗi ba. Mutanen gidan sun gaji da tsokanarta sun koma ci tare da ita.

Ta fito da sauri ta sunkuci takwararta, sai ta yi nishi ta dafa ƙugu.

“Kai! Wagga ɗiya dutse ta haɗiya?”

Wata tsohuwa a gidan ta ce, “Bari ta sha madarar saniyarki, ki ga ƙiba.”

“Wace saniya?” in ji Inna. “Wanga nauyi duk nonon uwarta ne.”

Ba ta dube ni ba da ta faɗa, ni ma ban ɗago ba. Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa idona, sai na sauke shi ƙasa. A bakin ƙofar ɗakinta tururuwa sun yi layi suna jan tsabar gero. Na ɗaga ƙafa na tsallake su, na shiga da kayan Ummi.